ƘWAYAR TAZARAR HAIHUWA: ABIN DA ZA KI SANI KAFIN KI FARA SHA

(Wannan shi ne jawabin da Editanmu ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata. Mun buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. In ka karanta, ka karanta wa iyalinka. In kin karanta, ki karanta wa maƙwabciyarki.)



 

Maganar da zan yi yau magana ce ta cikin ɗaki. Ba a saba yin ta a bainar jama'a ba. Saboda haka ina neman afuwar manya. Amma kunya ta sa mata da yawa suna shan magani ba su san kansa ba. Wata ta fara sha a ɓoye. Ta ga abin da ya ba ta tsoro. Ta daina a ɓoye. Ba ta tambayi kowa ba. Bayan wata biyu sai ga ciki, ga kuma jariri a baya. Wannan shi ne abin da muke so mu magance. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

DON ME AKE YIN TAZARA?

Dukkanmu mun san kwanika. Mace tana goyon ɗan wata biyar, sai ga wani ciki. A cire yaro daga nono ba shiri. Ya rame, ya yi ta zawo, tamowa ta kama shi. Ita kuma uwar jininta bai dawo ba, ga wani nauyi ya hau.

Ku manoma ne. Kun san ba a cusa gero wuri ɗaya. Ana barin tazara tsakanin rami da rami don kowane ya yi zangarniya mai kyau. Haka ma gonar da ta gaji ana hutar da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. In ɓari ta yi, ta huta wata 6. A ƙididdigar hukumar, mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar 2023 saboda ciki da haihuwa. Waɗannan iyayen wasu ne, matan wasu ne.

Tazara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cur. Kakanninmu mata sukan tafi gida wankan jego, su daɗe suna goyo. A shekarar 1988 manyan malaman fiƙihu na ƙasashen Musulmi sun yi taro a Kuwait. Sun ce ya halatta miji da mata su yi tazara ta ɗan lokaci, in akwai dalili, kuma in sun yi shawara sun yarda su biyu. Sun ce bai halatta a kashe haihuwa gaba ɗaya ba, sai da larura. Wanda yake da sauran tambaya a kan wannan, ga malamai nan kusa.

MECE CE WANNAN ƘWAYA?

Hanyoyin tazara suna da yawa. Akwai allura. Akwai ashanar da ake sawa a dantse. Akwai robar da ake sawa a mahaifa. Akwai kwaroron roba. Yau a kan ƙwayar da ake haɗiya kullum zan tsaya.

Ba sabon magani ba ne. An fara amfani da ita a Amurka a shekarar 1960. A cikinta akwai sinadari irin wanda jikin mace yake yi da kansa. Kowane wata jikin mace yana sakin ƙwan haihuwa guda. Ƙwayar tana hana ƙwan nan fitowa. Tana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, don kada ruwan namiji ya wuce. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga.

Ƙwayar iri biyu ce. Ku riƙe wannan da kyau.

Ta farko mai sinadari biyu ce, irin su Microgynon. Yawanci kati ɗaya yana da ƙwaya 28. Guda 21 launinsu ɗaya, su ne masu aiki. Guda 7 na ƙarshe launinsu daban, galibi ruwan ƙasa. A kwanakin waɗannan 7 ɗin ne al'ada take zuwa.

Ta biyu mai sinadari ɗaya ce, irin su Microlut. Ita ce ake ba mai shayarwa, domin ba ta rage ruwan nono. Dukkan ƙwayoyin katin launinsu ɗaya. Wani kati 28, wani 35. Ba a hutu. Kati ya ƙare yau, gobe a fara sabo.

Yaya ƙarfinta? In mata 100 suka sha kullum ba fashi har shekara guda, wadda za ta yi ciki ba ta kai ɗaya ba. Amma da yake mutum mai mantuwa ne, a yadda aka saba sha, mata kamar 7 cikin 100 suna yin ciki a shekara. Kun ga ashe ƙarfin maganin yana hannun mai sha.

KAFIN KI FARA, JE ASIBITI

Kada ki karɓi kati daga hannun ƙawa. Kada ki saya a tiren mai tallan magani ranar kasuwa, wanda rana ta gama dafa kayansa. Maganin da ya karɓi kishiyarki ba lalle ya karɓe ki ba. Je asibiti, ko da ƙaramin sha-ka-tafi ne. A shekarar 2011 gwamnatin tarayya ta ce a riƙa ba da kayan tazara kyauta a asibitocin gwamnati. Wani lokaci kayan sukan yanke, amma shawara ba ta yankewa.

Malamar asibiti za ta auna jininki, ta ga ko ya hau. Za ta yi miki tambayoyi. Ki gaya mata gaskiya. Ba a ɓoye wa mai magani ciwo.

Ga matan da bai kamata su sha mai sinadari biyu ba:

1. Mai hawan jini. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, a nemo mata wata hanya.
2. Mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba.
3. Wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ko da ba ta shayarwa. Malamar asibiti za ta gaya mata ranar da ya dace.
4. Mai shan taba sigari wadda ta kai shekara 35.
5. Mai ciwon ɓarin kai wanda kafin ya zo take ganin walƙiya ko wani haske a ido.
6. Wadda ta taɓa yin ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko jini ya taɓa daskare mata a ƙafa.
7. Mai ciwon hanta mai tsanani, ko wadda idonta ya yi rawaya da shawara.
8. Wadda ta taɓa yin ciwon dajin nono. Ita kam duka iri biyun ba nata ba ne.
9. Mai ciwon suga da ya daɗe ƙwarai, ko ya taɓa mata ido ko ƙoda.

In kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, ki faɗa. Wasu daga cikinsu suna rage wa ƙwayar ƙarfi.

In kina cikin waɗannan, kada ranki ya ɓaci. Akwai wata hanyar da za ta dace da ke.

YAUSHE AKE FARAWA?

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne cikin kwana 5 na farkon al'ada. In kin fara a nan, maganin ya kama aiki nan take.

Ana iya farawa a wata rana dabam, in an tabbata babu ciki. Amma a nan sai a dakata da kwanciya, ko a yi amfani da kwaroron roba. Kwana 7 ga mai sinadari biyu. Kwana 2 ga mai sinadari ɗaya.

Mai jego, saurara. Shayarwa tana kare ki, amma da sharaɗi uku. Jariri bai kai wata 6 ba. Nono zalla yake sha dare da rana. Al'adarki ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Ranar da kika fara ba shi kunu, ki san lokacin zuwa asibiti ya yi.

Ƙwaya ɗaya ake sha kowace rana, a lokaci guda. Ki haɗa ta da abin da ba ki mantawa. Bayan sallar Isha'i ya fi. Cikinki da tuwo, ga barci na tafe. In azumi ya zo, ba sai kin canza lokaci ba.

A bayan kati akwai kibiyoyi. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan karatunki zai yi miki rana. Ki rubuta ranar da kika fara a littafinki na aji. Ki ajiye katin inda babu zafi, inda hannun yara ba ya kaiwa.

ABIN DA JIKI ZAI JI A WATANNI UKU NA FARKO

Yanzu mun zo kan babbar magana. Sabon takalmi yakan matsi ƙafa kafin ya saki. Haka jiki yake da wannan magani. Wasu matan ba sa jin komai. Wasu kuwa suna jin ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan:

Tashin zuciya. Yakan zo a kwanakin farko. Ki sha ƙwayar da abinci, ko dab da kwanciya barci.

Ɗigon jini ba lokacin al'ada ba. Wannan shi ya fi tsorata mata. Ba ciwo ba ne. Mahaifa ba ta lalace ba. Ya fi zuwa in ana tsallake kwana, ko ana sha yau da safe gobe da dare. Ki ci gaba da sha a kan lokaci. Game da salla da azumi kuwa, ki tambayi malama ko malamin da ya san bambancin jinin haila da jinin ciwo.

Canjin al'ada. Mai sinadari biyu takan sa jini ya ragu, kwanaki su ragu, ciwon mara ya yi sauƙi. Wannan ma alheri ne ga mai ƙarancin jini. Mai sinadari ɗaya takan sa al'ada ta rikice, ko ta ɗauke na wasu watanni, musamman ga mai shayarwa. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Jiki ne bai tara shi ba tun farko. Amma in kin tsallake kwanaki, sannan al'ada ta ƙi zuwa, je a gwada ko ciki ne.

Ciwon kai mara tsanani. Ki sha farasitamol, ki sha ruwa da yawa. In ya ƙi tafiya, ko yana ƙaruwa, koma asibiti.

Nono ya yi nauyi ko tsami. Yakan wuce da kansa.

Canjin hali. Wata takan ji ranta yana saurin ɓaci. Wata takan ji sha'awarta ta ragu. Ba ƙarya take yi ba. Ta faɗa a asibiti.

Jiri kaɗan, ko ƙurajen fuska. Wata ƙurajen su fito mata, wata kuwa su warke.

Ana yawan cewa ƙwayar tana sa ƙiba. Binciken likitoci bai nuna tana sa ƙiba mai yawa ba. Wata takan ji jikinta ya ɗan cika a farko, wata ba ta ji.

Yawancin waɗannan suna raguwa ko su ɓace cikin wata 3. Saboda haka ki ba jikinki wata 3. In sun wuce haka, ko sun hana ki sukuni tun kafin nan, kada ki jefa katin a masai ki yi shiru. Koma wurin wadda ta ba ki. Tana iya canza miki wata ƙwayar, ko wata hanyar. Ki sani, da zarar kin daina sha, ciki yana iya shiga a wannan watan.

ALAMUN HAƊARI

Akwai alamun da ba a yi musu haƙuri. Ba su cika faruwa ba, amma dole ki san su. Mai sinadari biyu takan sa jini ya daskare a jijiyar wasu mata 'yan kaɗan. Ciki da jego sun fi ƙwayar jawo wannan. Duk da haka, in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki daina sha, a kai ki asibiti a ranar:

1. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi yana yankewa.
2. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman sha-raɓa.
3. Ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ki saba ba.
4. Gani ya dushe, ko kina ganin walƙiya.
5. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko hannu da ƙafa sun mutu.
6. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa.
7. Ido ya yi rawaya.
8. Zubar jini mai yawa da ta ƙi tsayawa.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Kada a ce sai gari ya waye, ko sai ranar kasuwa in mota ta zo. A nemi babur. A tafi da katin a nuna wa likita.

IN KIN MANTA FA?

Ga mai sinadari biyu: in kin manta kwana 1 ko 2, ki sha guda da zarar kin tuna. Ki sha ta ranar a lokacinta, ko da ya zama biyu a rana ɗaya. In kin manta kwana 3 ko fiye, ki sha guda, ki ci gaba kamar kullum. Amma a dakata da kwanciya, ko a sa kwaroron roba, har kwana 7. Ki kuma je asibiti da katin ba da ɓata lokaci ba, musamman in kun kwanta a kwanakin. Za a nuna miki abin yi.

Mai sinadari ɗaya ba ta son jinkiri. In kin wuce lokaci da awa 3, ki sha nan take, a kuma kiyaye har kwana 2.

In kin yi amai cikin awa 2 bayan sha, ki sake shan wata. In amai ko zawo mai tsanani ya wuce kwana 2, ki ɗauka kamar kin manta ne.

Ga wani kuskure da ake yi a gidajenmu. Wata takan sha ranar girkinta kawai. In girki ya koma ɗakin abokiyar zama, sai ta ajiye. Wannan ba ya aiki ko kaɗan. Kullum ake sha, da girki da ba girki. Haka in maigida ya yi 'yar tafiya. In kuwa cirani ya tafi na watanni, ki nemi shawara kafin ki ajiye, ki kuma koma kafin ya dawo. Wata kuma takan tsaya sai kati ya ƙare sannan ta nemi sabo. Ki karɓo sabo tun da sauran mako guda.

JITA-JITA

Ana cewa ƙwayar tana taruwa a ciki ta zama dutse. Ba haka ba ne. Tana narkewa, jiki ya fitar da ita. Shi ya sa ake sake sha kullum.

Ana cewa tana kashe haihuwa. Ba haka ba ne. Mace ta daina sha, haihuwarta tana dawowa yadda take a da.

Ana cewa in ciki ya shiga ana sha, za a haifi nakasasshe. Bincike bai nuna haka ba. Ki daina sha kawai, ki fara zuwa awo.

Ana cewa tana kawo ciwon daji. Ga gaskiyar magana. Tana rage haɗarin dajin cikin mahaifa da na ma'ajiyar ƙwai. Tana ɗan ƙara haɗarin dajin nono kaɗan a lokacin da ake sha. In kin ji ƙullutu a nono, ki nuna a asibiti.

Abu ɗaya da ba ta yi: ba ta kare mutum daga ciwon sanyi ko ƙanjamau.

GARE KU MAZA

'Yan'uwana magidanta, na san kuna ji. Yawancin matan da suke sha a ɓoye tsoronmu suke ji. Mai sha a ɓoye ba ta zuwa a auna jininta. In ta ga alamar haɗari, ba ta iya faɗa. Wannan shirun shi ne yake kisa.

Ku zauna ku yi shawara. Ka ba ta izini da kuɗin mota. In da hali, ka raka ta. In ta yi tashin zuciya a watan farko, ka yi mata sannu. In an ce a dakata kwana 7, ka dakata. In ka ga alamun nan 8, kai ne mai neman babur. Ba dole a cikin wannan al'amari. Kada ka tilasta mata ta sha. Kada kuma ka hana ta tambaya. 'Ya'yan naku ne ku biyu, amma jikin nata ne yake ɗauka.

Iyayena surukai, ku ma da naku. Kun san zafin haihuwa fiye da kowa a nan. In matar ɗanki ta ce tana son hutu, ki zama mai raka ta.

KAMMALAWA

Ku tafi gida da abu huɗu. A fara da awo a asibiti. A sha kullum a lokaci guda. A ba jiki wata 3, in abu ya dame ki ki koma ki faɗa. In alamar haɗari ta zo, a tafi a ranar.

Ku da kuka koyi karatu, kun fi ƙarfin jita-jita. Ki karanta katinki. Ki rubuta abin da jikinki ya ji, da ranar da ya ji. Ki tafi da littafin asibiti ki karanta wa malama. Matambayi ba ya ɓata.

Haihuwa kyauta ce ta Allah. Lafiyar uwa amana ce a wuyanmu. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayensu lafiyar renonsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.